Kabarin da Ke Ɗauke da Sunan Bulus

Kagoro,
farkon watan Yuni.

Zuwa ga Abdulbaƙi Salisu Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka. Mu a nan lafiya, sai dai jikin Kaka, wanda shi ne ma dalilin wannan takarda.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Maryamu, jikar Bulus. Bulus yayan kakarka Asabe ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ga ke nan iyayenmu taubasai ne, mu kuma mun gaji wasan, kada ka yi mamaki in na fara tsokanarka tun ba mu ga juna ba. Habibu direba, mai kai citta Kano ya dawo mana da robobin Sharada, shi ya ce ya san gidanku, kuma kana aiki a kamfanin jimar fata a Challawa. Ya ce in ka shigo wuri hanci ke riga ido sanin zuwanka. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Jos, aikin da zan rubuta kuwa tarihin gidanmu ne. Na zaga maƙabartu na ɗauki hoton kabarin duk wanda na samu, saura mutum ɗaya. Kakana Bulus ya rasu a Kano a ƙarshen 1980, gobara ta tashi a ɗakin boila, wato tukunyar tururi, a masaƙar da yake aiki a Bompai. An binne shi a maƙabartar coci da ke bayan kamfanonin. Rabon wani namu da wurin tun ranar da aka binne shi.

Da don makaranta ce kawai, da na haƙura. Amma matarsa, Kaka Rahila, tun bikin Ista take kwance. Abinci sai an yi da gaske. Ba ta roƙon komai sai a nuna mata kabarin nan. Jikinta ba zai ɗauki hanyar Kano ba, idonta kuma ba ya ganin hoton waya. Don Allah ka je ka ɗauko, ka wanke shi babba, ka ba Habibu. Ka je da safe ko da yamma, rubutu ya fi fitowa in rana tana gefe. In gansakuka ta rufe shi ka zuba ruwa ka goge da tsumma, kada ka kankare da ƙarfe.

Na san gidajen nan biyu ba sa ga-maciji tun da Asabe ta musulunta ta auri kakanka Labaran. Lokacin ba a haife ni ba, kai ma haka. Ka gaishe ta in za ta karɓa. Ka amsa mini a takarda, sabis a nan sai an hau dutse, kuma Kaka tana son abin da za ta riƙe a hannu.

Taubashiyarka,
Maryamu.

*

Sharada, Kano,
ƙarshen Yuni.

Yaya Maryamu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Kaka? Allah Ya ba ta lafiya. Mu duk ƙalau. Na ba ki Yaya ne don Habibu ya ce kin girme ni, ba don kin fi ni wayo ba. Maganar wari kuwa, ki tambayi wanda yake kwana da buhun citta.

Na je. Ga hoto nan guda biyu. Masaƙar yanzu sito ce ta shinkafa, amma bututun hayaƙin yana nan tsaye, ciyawa ta fito a bakinsa. Mai gadin maƙabartar wani dattijo ne, Baba Ibrahim. Ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Malam, ka yi ɓatan kai ne?" Da na ce dangi nake nema, sai ya ɗauko adda muka shiga. Damina ce, ciyawa har ƙugu. Ban taɓa shiga inda matattu suke da suna ba. Mu namu tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, in an kwana biyu kowa ya zama ɗaya.

Yana can jikin katanga ƙarƙashin darbejiya. Siminti ne, an rubuta sunan da ƙusa tun yana ɗanye. A ƙasan sunan an manna wata 'yar lambar tagulla, Baba Ibrahim ya ce irin wadda ma'aikatan da suke jefawa a akwatin bakin get in sun shigo aiki. Na wanke kamar yadda kika ce, rubutun ya fito tar.

Akwai abin da zan gaya miki, kada ki yi mini dariya. Da na durƙusa ina gogewa, sai na ji bakina yana yin sallamar da muke yi wa namu matattun. Ban yi niyya ba. Ban ce an amsa ba. Amma na tsaya kamar mai jira, kuma na ji irin natsuwar da mutum ke ji in an amsa masa. Na tattara na fito.

Ke kam kin ji daɗi, kina da kabarin kaka. Ni ko wannan ba ni da shi. Labaran ya ɓace a watan da naku ya rasu, lokacin rigimar 'Yan Awaki da aka kashe mutane ba adadi. Ba a ga gawarsa ba, sai mutane suka ce ai cikin masu tayar da rigimar yake. Da wannan gorin babana ya girma, ni ma na sha nawa a makarantar allo. Iya Asabe ba ta sake aure ba, ba ta kuma yi takaba ba. Ta ce ba ta takabar wanda ba ta ga gawarsa ba.

Ga abin da ya dame ni. Ina shiga gida ranar, Iya ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya shigo min da warin boila?" Ni da nake warin fata kullum. Bayan an wanko hoton na kai mata na ce ga kabarin yayanta. Ba ta karatun boko, ta ce in karanta mata. Na karanta sunan, ta share hawaye. Na karanta ranar. Sai ta kife hoton a tabarma ta ce in fitar mata da shi daga ɗaki. Ta ture tuwonta. Har yau ba ta ce mini komai a kai ba. Gaisuwarki ma ban samu damar isarwa ba.

Naki,
Abdulbaƙi.

*

Kagoro,
tsakiyar Yuli.

Abdulbaƙi,

Ina gaisuwa. Hoto ya zo, na gode da wahalarka. Jikin Kaka yana nan yadda yake.

Ban so in rubuta da zafi ba, amma na karanta takardarka sau uku abin bai sauka ba. Mutum ya mutu shekara arba'in da huɗu, ƙanwarsa ba za ta iya haƙurin ganin hoton kabarinsa a ɗakinta ba, saboda akwai gicciye a kai? Da na sani da ban aika gaisuwar ba. Mahaifiyarsu ta mutu tana kiran sunan Asabe, ko wannan ba a gaya muku ba? Mu dai namu mun san inda yake kwance, kuma mun san ba da makami a hannu ya mutu ba.

Na kira lambar da Habibu ya ba ni, a kashe. To shi ke nan.

Duk da haka kai ka yi wahalar, ya kamata ka san yadda aka yi. Na sa wa Kaka hoton a hannu, na ɗauka za ta yi kuka. Ta kai shi dab da ido, ta shafa da yatsa, ta ce, "Har yanzu dai sunan nan ne a kai." Na ce, "Kaka, sunan wa za a sa?" Ta juya ta fuskanci bango.

Da yamma ina shafa mata mai a ƙafa, ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tun shekarar da aka binne shi, wani mutum yake zuwa mata a mafarki. Yana tsayawa a bakin ƙofa sanye da rigar aikin Bulus, shuɗiya, ya ba ta baya. Ba ya shigowa, ba ya magana, ba ya juyowa. Ta ce, "Rigar tasa ce, amma ƙeyar ba tasa ba ce. Na san ƙeyar mijina." Tun da ta kwanta ciwon nan kullum sai ya zo. Na ɗauka hoton zai kwantar mata da hankali, sai ga shi yanzu ba ta yarda a bar ta ita kaɗai ko da rana. Ni ma ina jin tsoron ƙofar nan.

Maryamu.

*

Sharada,
ƙarshen Agusta.

Yaya Maryamu,

Bayan gaisuwa. Yaya Kaka? Ki yafe jinkiri. Wayata ta faɗa ramin da muke jiƙa fata, ba kashe ta na yi don ke ba. Habibu kuma motarsa ta kwana biyu a gareji a Dakata. Amma ba zan ɓoye miki ba, ko da yana nan da ban ba shi komai ba. Maganar makami ta yi mini ciwo ƙwarai. Na rubuta miki amsa mai zafi na yaga.

Kin karanta ni ba daidai ba, laifina ne da ban iya faɗa ba. Ba gicciye Iya ta ƙi ba. Ranar ce.

Ta yi makonni ba ta cikin hayyacinta. Sai ran Juma'ar da ta wuce ta kira ni ta ce in zauna.

"Sake karanta min ranar nan."

Na ce, "Ashirin da biyar ga Disamba, Iya."

"Ranar Kirsimeti ke nan ko?"

Na ce e.

Ta ce, "Bulus bai taɓa aiki ranar Kirsimeti ba. Ko sau ɗaya."

Ga yadda abin yake. Gidaje sun ɓata, amma mazan biyu ba su ɓata ba. A ɗakin boila ɗaya suke, nan ma Labaran ya fara ganin Iya tana kawo wa yayanta abinci. Boila ba a kashe ta, ko sallah ko Kirsimeti sai wani ya tsaya a kanta. Sai suka yi wa kansu tsari: ranar sallah Bulus ya yi aikin Labaran, ranar Kirsimeti Labaran ya yi na Bulus, shi kuma ya tafi gida wurin iyalinsa. Kamfani ya hana musayar aiki, wanda aka kama kora ce. Don haka wanda zai tsaya sai ya sa rigar ɗan'uwansa, ya jefa lambarsa a akwatin get. Ranar biki ba manya a wurin, ba mai dubawa. Daga su sai matansu suka sani.

Na ce, "Iya, to me ya hana ki faɗa tun lokacin?"

Ta ce, "Ina nan ne? Ina ƙauyensu wajen Ringim, ina jegon ubanka. Sai da na yi arba'in na dawo. Aka ce yayanki wuta ta cinye shi a wurin aiki, an binne. Aka ce mijinki ba a gan shi ba. Wa ya gaya min rana? Wa zan tambaya? 'Yan'uwana ba sa min magana, dangin miji suna ɓoye fuska."

Sannan ta ce, "Kai yaro, ina tsoron in sa rai."

Ni ma ina tsoro. Tun da na karanta mafarkin Kaka ban ƙara samun barci mai daɗi ba. Don girman Allah ki tambaye ta a hankali: ta ga gawar? In ba ta gani ba, an ba ta wani abu da aka samu a jikinsa?

Iya ta ce a gaishe da Rahila. Ta ce tana karɓar gaisuwarki, kuma maganar mahaifiyarta ba ta taɓa ji ba sai da na karanta mata. Ta yi kuka sosai.

Abdulbaƙi.

*

Kagoro,
farkon Satumba.

Ɗan'uwana Abdulbaƙi,

Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara. Bakina ya riga hankalina. Kaka ta ƙara ramewa, amma kanta garau.

Na karanta mata takardarka. Ban kai ƙarshe ba ta ce in jawo akwatinta na ƙarƙashin gado.

Ta ce ta san da musayar. A waccan shekarar ma ta yi girki tana jiransa tun jajibiri, bai zo ba. Ta ce wataƙila rigimar Kano ce ta tare hanya. Sai ga saƙo wai ya mutu a bakin aiki. Da suka isa Kano an riga an rufe akwatin gawa da ƙusa, aka ce ba abin gani ba ne, da riga da lamba aka gane shi. Wani ma'aikaci ya miƙa mata ƙullin abin da aka samu a aljihun wandon. Ta kwance ta ga carbi.

Ta ce ta yi ihu a wurin, "Ba shi ba ne! Ku nemo Labaran ku tambaye shi!" Dattawa suka riƙe ta suka ce baƙin ciki ne ke magana, carbi kuwa tsintarsa Bulus ya yi. Labaran ma a lokacin ba mai son a ambaci sunansa, an riga an fara cewa yana cikin mutanen can. Surukinta ya ce in ta ƙara kiran sunan a gidansa ta koma gidansu. Tana da yara biyu ƙanana, ta yi shiru. Da shekaru suka tafi Bulus bai dawo ba, ta ce wa kanta to wataƙila ita ce ta yi kuskure.

Carbin ne ta ɓoye a akwatin nan. Na so in ɗauki hotonsa in aiko, ta ce a'a. "Ba nawa ba ne, ajiya ce. Ki ba direba." Yana cikin ƙyallen nan. Gefe ɗaya wuta ta taɓa shi. Ban san yadda carbi yake ba, amma na ga wani abu a jiki da bai yi kama da sauran ba. Ba zan faɗa ba, ka bar Iya ta faɗa kafin ta gani.

Maryamu.

*

Sharada,
tsakiyar Satumba.

Yaya Maryamu,

Bayan gaisuwa. Ina fatan Kaka ta samu sauƙi.

Na yi yadda kika ce. Na riƙe ƙullin ban kwance ba, na ce, "Iya, carbin Kaka Labaran yana da wata alama?" Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce, "Ƙwaya ɗaya ta ɓace, na sa masa maɓallin rigata fari a wurin. Ya ce zai sayi sabo, bai saya ba."

Na kwance. Kin san abin da ke ciki.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa shi a hanci ta daɗe. Sannan ta ce in kira mata babana. Mutumin da ya girma ana ce masa ɗan wanda ya kashe mutane, na ga ya zauna a ƙasa kamar yaro, yana ta cewa, "Aiki ya tafi. Ashe aiki ya tafi."

Mun je wurin limamin unguwa. Ya ce kada a tone shi, ƙasa duk ta Allah ce, amma tunda ba a yi masa salla ba, a je a yi a kan kabarin. Baba Ibrahim ya kai mu wurin fasto, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ƙofa a buɗe take. Ran Asabar muka je, mu goma sha wani abu, har da tsofaffi biyu da suka yi aiki a masaƙar. Muka yi sahu a cikin ciyawa tsakanin gicciye da gicciye. Fasto da Baba Ibrahim suna gefe sun cire hula.

Kin san matanmu ba sa zuwa maƙabarta. Iya ta ce wannan ai ta gidan ubanta ce, ba mai hana ta. Da aka gama ta matso, ta tambayi ina kai yake. Aka nuna mata. Ta zauna a wurin ta dafa simintin ta ce, "Malam, ka yafe min. Har ni na taɓa zarginka." Sannan ta shafa sunan ta ce, "Yaya Bulus, kai kuma kana ina?" Tsofaffin sun ce hanyar tashar da Bulus zai hau motar gida a lokacin ta kusa da inda ake rigimar ta bi, kuma waɗanda suka mutu a titi rami ɗaya aka zuba su.

Da muka dawo ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta tsefe kai, ta ce ta shiga takaba. Liman ya aiko a gaya mata ai lokacinta ya wuce tun tuni, babu komai a kanta. Ta ce, "A ce masa na gode, ban tambaye shi ba."

Babana ya ce ba za a taɓa sunan da ke kan simintin ba. Amma ina jin nauyi, Yaya. Kin aike ni in ɗauko muku kabari, na je na karɓe shi. Me zan ce wa Kaka?

Abdulbaƙi.

*

Kagoro,
Oktoba.

Abdulbaƙi,

Ina gaisuwa, ina gaida Iya da takaba. Ba sai ka ce wa Kaka komai ba. Ta rasu ran Talata da hantsi, mun binne ta a bayan coci.

Ta ji takardarka. Ta sa na maimaita mata wurin maɓallin, ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun Ista. Ta ce, "Na gaya musu." Washegari ta sha kunu da kanta, ta ce mutumin bai zo ba. Bai kuma sake zuwa ba.

Na ɗauka ta huta ke nan. Sai ta hana a rufe ƙofar ɗakin, ko ana ruwa. Na ce, "Kaka, ai ya tafi." Ta ce, "Baƙon ya tafi. Shekara arba'in da huɗu yana tare min ƙofa, ta ina nawa zai shigo?" Kullum idonta yana can. Ranar da za ta tafi ina riƙe da hannunta, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ta ce, "Ka daɗe a hanya." Na juya. Ban ga kowa ba, kuma ba zan ce maka ba kowa ba.

Hoton da ka ɗauko yana gabana. Duk sauran na rubuta a ƙasansu wane ne, ɗan wane. Wannan na rubuta Labaran, mijin Asabe, wanda ya tsaya wa Bulus aiki. Shafin Bulus ba hoto.

In Iya ta fita takaba, ka kawo ta ta ga kabarin mahaifiyarta. Kai kuma ka yi wanka kafin ka taho. Za ku tarar da ƙofar ɗakin Kaka a buɗe, har yau ba wanda ya iya rufe ta.

Taubashiyarka,
Maryamu.